Fashin baƙi: Me ke kunna wutar gaɓar Hong Kong, kuma ina jiragen kayan suka tafi?

Daga Garwa har Njamena, da wuya ka sami ɗan kasuwar da ya taɓa ratsawa ta Hong Kong a hanyar Gwanzu bai dawo da bidiyon nan a wayarsa ba. Ruwa baƙi ƙirin a gaba, can ƙetare benaye sun yi sahu suna ta walƙiya, ja da kore da shuɗi, hasken na lilo a kan ruwa. Da ya ɗora a WhatsApp sai sharhi ya fara sauka. Wannan ya ce, "Tubarkalla Alhaji, Allah ya kai mu mu ma mu gani." Wancan ya ce, "Mu nan tun jiya ba mu sa wuta a idonmu ba." Wurin da ake ɗaukar bidiyon shi ne Victoria Harbour, mashigin tekun da ya raba tsibirin Hong Kong da yankin Kowloon, kuma galibi a gaɓar Tsim Sha Tsui ake tsayawa a fuskanci tsibirin.

Yawancinmu mun ɗauka tashar jiragen ruwa ce ke kunna wutar: kaya na shiga, kaya na fita, kuɗi na zuba, sai gari ya haskaka. Mu da teku ya yi mana nisa, wannan lissafi na saurin shiga kanmu, don mun san abin da rashin tasha ke ja mana. Amma wanda ya tsaya a gaɓar ya ɗauke ido daga benayen ya dubi ruwan da kyau zai ga babu jirgin kwantena a ɗaure, babu ƙugiyoyin ɗaga kaya, babu 'yan dako. Jiragen fito ne ke kai da kawo, da na 'yan yawon buɗe ido, sai wani jirgin dako da kan ratsa jifa-jifa. Tun shekarun 1970 kaya suka fara barin wannan gaɓa. Abin da ake kallo da dare a yau tsadar ƙasa ce da kuɗin da ke kwana a bankuna, kuma sai an bi labarin daga tushe za a ga yadda aka yi aka zo nan.

Turawan Ingila ba tsibirin ne ya ba su sha'awa ba, ruwan ne. Tsibirin duwatsu ne, filin noma kaɗan, mazaunansa 'yan dubbai, masunta da manoma da masu fasa dutse. Mashigin kuwa Allah ya yi shi da zurfi, babban jirgi na shiga ba sai an yashe masa hanya ba, tsaunuka sun kare shi daga iska, ga shi kuma a bakin hanyar ruwan da ke kaiwa Kanton, wato Gwanzun da muke zuwa sarin kaya yau. A wancan zamani fataken Ingila na kwaso ƙwayar ofiyom daga Indiya suna sayar wa Sinawa, da kuɗin suke sayen ganyen shayi da siliki. Da sarkin Sin ya ga mutanensa na lalacewa, azurfar ƙasar na zurarewa waje, sai ya tura wakilinsa ya ƙwace ƙwayar ya lalata ta a 1839. Daga nan yaƙi ya tashi. A watan Janairun 1841 sojojin ruwan Ingila suka kafa tuta a tsibirin, yarjejeniyar Nanjing ta 1842 ta mallaka musu shi. A 1860 suka ƙara da Kowloon, gaɓa biyun duka suka koma hannunsu. A 1898 kuma suka karɓi hayar yankin da ke bayan Kowloon na shekara 99. Wa'adin wannan hayar ne ya cika aka mayar wa Chaina da komai ranar 1 ga Yulin 1997. Ginin da aka yi bikin miƙa mulkin yana cikin bidiyon, daga hannun hagu, mai rufi kamar fukafukan tsuntsu, a unguwar Wan Chai.

Tun a 1841 Turawan Ingila suka shelanta cewa tasha ce da ba a biyan kuɗin fito a kan kaya. Har gobe haka abin yake, in ka cire abu huɗu: barasa, taba, man fetur da dangoginsa, da wani nau'in sinadarin barasa na masana'antu. Babu kuma harajin sayayya na TVA, wanda a Kamaru ya kai kashi 19.25 cikin 100. Ɗan kasuwar da ya saba zama da alƙalami yana lissafin duwan kafin ya sa wa kaya farashi ya san abin da wannan ke nufi ba sai an yi masa dogon bayani ba.

Shekara ɗari garin ya yi yana cin abinci da dillanci tsakanin Chaina da duniya. Da 'yan gurguzu suka karɓi mulki a 1949, attajiran Shanghai suka tsero da jarinsu da injinan saƙa, talakawa kuma suka yi ta kwararowa. Yaƙin Koriya ya jawo aka sa wa Chaina takunkumi, dillancin ya tsaya cik, sai garin ya koma ƙere-ƙere: yadi, roba, tocila, agogo, rediyo. A nan labarin ya taɓo mu. Cikin kwanonin samira da iyayenmu mata ke jerawa a ɗaki a shekarun 1950 akwai ƙirar Hong Kong, kuma wani attajirin can, Cha Chi-ming, shi ya kafa masaƙar UNTL ta Kaduna a 1964, wadda atamfarta ta yawata kasuwanninmu.

A 1972 aka buɗe tashar kwantena a Kwai Chung, can arewa maso yamma, nesa da inda masu ɗaukar hoto ke tsayawa. Tsofaffin rumbunan ajiya na bakin Kowloon aka rushe su aka gina kantuna da otel-otel. Sai kuma Chaina ta buɗe ƙofa a 1978, ta mai da Shenzhen yankin kasuwanci na musamman a 1980. Masana'antun Hong Kong suka tsallaka iyaka neman ma'aikata masu araha, amma abin da suka ƙera ta Kwai Chung yake fita. Shi ya sa daga ƙarshen shekarun 1980 zuwa 2004, a mafi yawan shekarun babu tashar da ta kai ta yawan kwantena a duniya. A 2008 ta wuce miliyan 24, in aka auna da kwantena mai ƙafa 20.

Daga nan ƙanne suka girma. Shenzhen ta gina Yantian da Shekou, Gwanzu ta gina Nansha, duk a gindin masana'antu, kuma sun fi araha. Me zai sa mai kaya ya biya mota ta tsallaka iyaka, alhali ga jirgi a ƙofar gidansa? A 2013 Shenzhen ta sha gaban Hong Kong. A 2023 abin da Hong Kong ta sarrafa bai wuce miliyan 14 da 'yan kai ba, ta faɗo daga jerin goman farko, yayin da Shanghai ke maganar miliyan 49. Inda har yanzu take riƙe da kambu shi ne kayan jirgin sama, don tun 2010 filin jirginta ne kan zo na ɗaya a duniya a kusan kowace shekara. Tasha dai ta ja baya, wutar kuwa ko gezau. Ruwa ba ya tsami banza.

A nan ne gizo ke saƙa. Faɗin Hong Kong duka bai wuce murabba'in kilomita 1,100 da ɗoriya ba, mutane kuma kusan miliyan 7.5. Cikin wannan ɗan fili ma kimanin kashi ɗaya cikin huɗu kaɗai aka gina, kusan kashi 40 cikin 100 doka ta keɓe shi daji da tsaunuka. Sannan ƙasar duka ta gwamnati ce, in ban da filin wata tsohuwar majami'a guda ɗaya. Ba a sayar wa kowa ƙasa. Haya ake bayarwa ta shekaru, yanzu galibi 50, kuma wanda ya fi taya kuɗi shi ke ɗauka. A shekarun da kasuwar gidaje ke ci, kuɗin ƙasa kan kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na abin da ke shiga baitulmali. Da wannan ne gwamnati ke iya barin harajin ribar kamfani a kashi 16.5, ta kuma ƙyale mai sayayya a kanti.

To amma duba yadda lissafin ke juyawa. Gwamnatin da ke cin abinci da tsadar ƙasa ba za ta so ƙasa ta yi araha ba, don haka kaɗan-kaɗan take sakin ta. Kamar sarkin kasuwa ne da ya hana a yanka sabbin rumfuna sai ɗaya bayan ɗaya: duk wanda ya sami rumfa da kuɗi mai ciwo, dole ya jibga kaya har rufi kafin ya mai da uwar kuɗinsa. Wanda ya sayi hayar ɗan fili a bakin ruwa da biliyoyi ba shi da hanyar fita sai sama. Harajin da aka ce babu shi kuwa yana nan daram, a kuɗin hayar shago da na ɗaki ake biyansa, mai shago kuma ya ɗora a kan kofin shayin da zai sayar maka. Tsarin yana da nasa rauni. Tun da farashin gidaje ya fara sauka bayan 2021, kuɗin ƙasa ya ragu ƙwarai, kasafin gwamnati ya shiga giɓi.

Benayen da ido ke fara sauka a kansu suna da suna. Dogon nan mai kai kamar an jera yatsu shi ne IFC na biyu, mita 415, an gama shi a 2003. Mai zanen kusurwa-kusurwa da farar wuta na Bankin Chaina ne, mita 367, wanda I. M. Pei ya zana aka buɗe a 1990. Kusa da shi akwai na HSBC, gajere a cikinsu amma ya ci kuɗi ba na wasa ba lokacin da aka gama shi a 1985. Wanda ya fi su duka tsawo, ICC mai mita 484, ba ya cikin bidiyon yawancin mutanenmu, saboda yana gefen Kowloon inda suke tsaye. IFC da ICC duka a kan tashoshin jirgin ƙasa aka ɗora su, kuma da gangan ne. Kamfanin jirgin ƙarƙashin ƙasa, MTR, ana ba shi izinin gini a saman tashoshinsa, ribar ginin ta taimaka wajen biyan kuɗin layin dogo.

Akwai dalilin da ya sa gefen tsibirin ya fi gefen Kowloon cunkoson dogayen benaye. Tsohon filin jirgin sama na Kai Tak a cikin Kowloon yake, titin saukarsa ya miƙe cikin ruwan mashigin, jirage na shawagi dab da rufin gidaje kafin su sauka. Saboda haka doka ta taƙaita tsawon gini a wannan gefe. Sai da aka rufe filin a Yulin 1998 aka koma sabon da ke Chek Lap Kok sannan Kowloon ta sami damar miƙewa.

Ƙasar da mutum ke tsaye a kai yana ɗaukar hoton ma, da yawanta ciko ce. Titin Queen's Road da ke tsakiyar unguwar Central, a farkon zuwan Turawa a bakin ruwa yake. Yau sai ka tsallake manyan tituna da benaye masu yawa kafin ka ga ruwa. Tunda ƙasa ce kuɗi, hanya mafi sauƙi ta samun sabuwa ita ce a zuba dutse da rairayi a teku, a sayar da hayar. Haka aka yi ta yi fiye da shekara ɗari, mashigin na tsukewa, har tsakanin Central da Tsim Sha Tsui ya koma kimanin kilomita ɗaya, mutanen garin suka fara zolaya cewa nan gaba sai dai a kira shi kogi. A 1997 aka kafa dokar kare mashigin, a 2004 kuma kotun ƙoli ta garin ta yanke cewa ba za a ƙara ciko ba sai da buƙatar jama'a wadda ta rinjayi komai. A ganina wannan hukunci ya fi kowane bene muhimmanci ga mai son kallon, don ba don shi ba da ruwan da ke mai do da hasken ya ƙara ƙanƙancewa.

Su wa ke biyan hayar waɗannan ofisoshi? Bankuna, kamfanonin inshora, lauyoyi, dillalan hannun jari. Kuɗi na shiga Hong Kong yana fita ba shamaki, abin da ba ya yiwuwa a cikin Chaina, ga kotuna masu bin tsarin shari'ar Ingila. Don haka kamfanin Chaina mai neman jarin waje da Baturen da ke son zuba jari a Chaina a nan suke haɗuwa. Dalarsu tun 1983 aka ɗaure ta da ta Amurka a kan 7.8, kuma tun 2005 ba a barin ta ta fita daga 7.75 zuwa 7.85. Mu masu sefa mun san irin wannan ɗauri, tunda tamu na kan 655.957 a kowane yuro. Bambancin da zai ba baƙo mamaki shi ne bankunan kasuwanci uku ke buga yawancin takardun kuɗin, HSBC da Standard Chartered da Bankin Chaina, kowane da nasa zane, kuma sai sun ajiye dalar Amurka daidai da abin da za su buga. In ɗan canji ya miƙo maka takardun ɗari guda uku masu kama daban-daban, kada ka tayar da hankali, duk suna ci. Zanga-zangar 2019 da dokar tsaron ƙasa ta 2020 sun girgiza wannan matsayi, mutane da dama sun yi ƙaura, kuma har yanzu ana muhawara a kan yadda garin zai kasance kafin 2047, lokacin da alƙawarin "ƙasa ɗaya, tsari biyu" na shekara 50 zai cika.

Sai maganar wutar kanta. Wasan hasken da ake kira A Symphony of Lights hukumar yawon buɗe ido ce ta ƙirƙiro shi a 2004, bayan annobar SARS ta 2003 ta kori baƙi. An daɗe ana yin sa da ƙarfe 8 na dare, benaye fiye da 40 su haɗa baki su yi ta harba haske sama da kiɗa na kimanin minti 10. Kundin Guinness ya taɓa sa shi a matsayin mafi girma a irinsa. Ni dai ban ga abin da ya ƙara wa wurin ba. Mutane kan cika gaɓar maƙil tun da sauran lokaci, kowa ya ɗaga waya, a gama wasu na tambaya ko an fara. Lokacin da ya fi kyau shi ne gab da magariba, sama ba ta gama duhu ba, ana iya ganin tsaunin da ke bayan benayen, tagogi na kamawa ɗaya bayan ɗaya. Yawancin hasken nan ma ba ado ba ne, ma'aikata ne ba su tashi daga ofis ba.

Kamfanoni biyu ke ba garin lantarki, HK Electric a tsibirin, CLP a sauran yankunan, kuma ɗauke wuta a wurinsu 'yan mintoci ne a shekara. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na wutar daga tashar nukiliya ta Daya Bay da ke cikin Chaina yake zuwa, sauran iskar gas da kwal. Mu kuwa madatsar Lagdo, wadda Sinawa suka gina a kan Binuwai aka gama a 1982, megawat 72 ce ƙarfinta ko da ruwa ya cika, kuma ita aka daɗe ana dogaro da ita daga Ngaundere har Marwa. A Chadi mutum ɗaya cikin goma ne ko ɗan sama da haka ke da lantarki. Abin dariyar shi ne su can yawan haske suke kuka da shi. Masu bincike na Jami'ar Hong Kong sun auna sararin Tsim Sha Tsui da dare suka ce ya ninka na wurin da ba fitila haske fiye da sau dubu, har a 2016 gwamnati ta fito da wata yarjejeniya ta ganin dama, mai roƙon masu gine-gine su kashe fitilun talla in dare ya yi nisa.

Wanda ya je, kada ya bari 'yan talla su ja shi jirgin yawo mai tsada. Jirgin nan mai jan filafilai da ke fitowa a hotuna, domin baƙi aka ƙera shi, kuma inji ke tura shi. Jirgin fito na Star Ferry ya ishe ka, kuɗinsa bai kai dalar Amurka ɗaya ba. Wani ɗan kasuwa Ba'indiye, Dorabjee Naorojee Mithaiwala, ya kafa kamfanin wannan fito a 1888. Jirgin kore ne da fari, hawa biyu, gabansa da bayansa iri ɗaya, don haka ba ya juyawa, yadda ya zo haka yake komawa. Kujerun katako ne masu majingina da ake turawa gaba ko baya, kowa ya shigo sai ya buga tasa ta fuskanci inda za a nufa, ka ji ƙarar na bin layi. Hawan ƙasa ya fi araha, kusa da inji, ga warin gas, ga feshin ruwa. In an iso gaɓa, ma'aikaci cikin shuɗin kayan matuƙa zai miƙa doguwar sanda mai ƙugiya ya cafko igiya mai kaurin hannu ya naɗa a turke, a saki gadar katako, jama'a su tuɗaɗo. Duka tafiyar ba ta kai minti 10 ba. Akwai hanyoyin mota uku a ƙarƙashin ruwan, na farkonsu tun 1972, ga jirgin ƙasa, amma mutanen garin ba su yarda a taɓa musu wannan fito ba. A 1966 ƙarin santi biyar na kuɗinsu a kan kujerar sama ya jawo tarzoma a Kowloon, a 2006 kuma matasa sun yi zaman dirshan da aka zo rushe tsohuwar tasharsa ta Central saboda ciko.

Mai son kallo daga sama sai ya hau tsaunin Victoria Peak, mita 552, ko da jirgin da ake ja da igiya tun 1888, ko da bas mai araha. Daga 1904 zuwa 1946 doka ta hana Sinawa zama a kan tsaunin, sai Turawa. Akwai dandalin kallo na kuɗi, amma 'yar hanyar ƙafa da ta zagaye tsaunin kyauta ce kuma ta fi shi. Sunanta Lugard Road. Eh, shi dai, Gwamna Lugga da sojojinsa suka ci Kano da Sakkwato a 1903. Daga 1907 zuwa 1912 shi ne gwamnan Hong Kong, shi ya tsaya aka kafa jami'arsu, sannan ya koma ya haɗe Najeriya a 1914.

Ana bikin duniya ake na ƙiyama. Tsadar ƙasar da ta tayar da benayen ita ce ta matse talaka. Ƙidayar 2021 ta nuna mutum fiye da 200,000 na zaune a ɗakunan da aka yanyanka gida ɗaya aka fitar, wani ɗakin gado kawai yake ɗauka, murhu a gefen masai. Kusan rabin jama'ar garin a gidajen gwamnati ko masu tallafinta suke, mai jiran layi kuwa kan shekara biyar. Ranar Lahadi in ka bi ta ƙarƙashin ginin HSBC za ka tarar da mata 'yan Filifin sun shimfiɗa kwali suna cin abinci suna hira. 'Yan aikin gida ne, su da 'yan Indunusiya sun haura 300,000, a gidan iyayen gidansu suke kwana, ranar hutu ba su da wurin zama sai titi.

Mutanenmu kuma masaukinsu sananne ne. Tafiyar 'yan mintoci daga tashar fito, a titin Nathan Road, akwai Chungking Mansions, tsohon gini na 1961 mai hawa 17. Tun daga ƙofa 'yan canji ne a jere da allunansu, sai masu waya da caja da layin waya, sai ƙamshin kori da biryani na Indiyawa da 'yan Pakistan. Kowane ɓangare lif biyu ne, ɗaya na hawa mai mara ɗaya na mai cika, layin jira har ya lanƙwasa, ka ji Faransanci da Larabci da Ibo da Hausa a wuri guda. Wani masanin halayyar al'umma, Gordon Mathews, ya ƙiyasta cewa wajajen 2008 kusan kashi 20 cikin 100 na wayoyin hannu da ake amfani da su a Afirka kudu da Sahara ta wannan gini suka bi. Wannan zamani ya wuce, don yanzu kai-tsaye ake zuwa Gwanzu da Shenzhen, amma har yanzu nan ne ɗaki mai dama-dama da abincin halal. Gaba kaɗan a titin akwai babban masallacin Kowloon mai farar ƙubba, ginin 1984, yana ɗaukar mutum 3,500. Asalinsa na 1896 ne, an gina shi domin sojojin Indiya Musulmi da Ingila ta kawo.

Abu biyu kan kama baƙo. Na farko biza. Hong Kong na da nata tsarin shige da fice daban da na Chaina, bizar Chaina ba ta shigar da kai, kuma wanda ke da bizar shiga sau ɗaya ya bar Gwanzu ya tsallako don kallon wuta, to ya ƙone ta, ba komawa sai da sabuwa. Mai fasfon Kamaru sai da bizar Hong Kong, kuma kowane fasfo da nasa hukunci, don haka kada ɗan Kuseri ya yi aiki da labarin ɗan Njamena ko da unguwa ɗaya suke sari. Jirgin ƙasa mai gudu da aka buɗe a 2018 na kai mutum daga Kowloon zuwa Gwanzu cikin kimanin awa ɗaya, sauƙin ne ma ke ruɗar mutane. Na biyu yanayi. Daga Oktoba zuwa Disamba sama ta fi washewa, kuma ya yi daidai da baje kolin Kanton na kaka. A Maris da Afrilu hazo kan rufe kan benayen. Da damina kuma akwai guguwar teku, in aka ɗaga alamar gargaɗi ta 8 jiragen fito na tsayawa, kantuna su rufe.

Akwai masu kallon bidiyon su ce da muna da tasha irin wannan da mun huta. Garwa ta taɓa zama tashar jiragen ruwa. Da damina, in Binuwai ya cika, jirage kan taso daga Burutu su bi ta Lakwaja da Makurɗi da Yola, su sauke siminti da gishiri da mai, su ɗauki auduga da gyaɗa. Yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970 ya datse hanyar, layin dogo ya iso Ngaundere a 1974 kaya suka koma ta Duwala, madatsar Lagdo da rairayi suka ƙarasa sauran. Abin da ya faru da Kwai Chung ke nan a ƙaramin ma'auni: mai kaya hanyar da ta fi masa sauƙi yake bi.

Zurfin ruwa yanzu Kamaru na da shi. Tashar Kiribi, wadda kamfanin China Harbour ya gina da bashin bankin Exim na Chaina, ta fara aiki a 2018, kuma tana karɓar jiragen da Duwala ba ta iyawa saboda sai an yi ta yasar bakin kogin Wuri. Amma kwantenar ɗan Marwa ko ɗan Njamena da ta taso daga Nansha ko Yantian, in ta sauka a gaɓar Kamaru tafiyarta ba ta ƙare ba. Kiribi ba ta da layin dogo. Daga Duwala jirgin ƙasa a Ngaundere yake tsayawa, sai a ɗora wa manyan motoci, ko su bi Garwa da Marwa da Mora da Dabanga zuwa Kuseri su hau gadar Ngeli, ko su yanke ta Tuboro zuwa Mundu. Wajen kilomita 1,800 ke nan daga Duwala zuwa Njamena, da shingaye da ramuka da jiran takardu, kuma masu shigo da kaya sun daɗe suna cewa kuɗin wannan tafiya ta tudu ya fi na tekun da aka ratso tun daga Chaina. Maganar ƙarasa layin dogon daga Ngaundere zuwa Njamena an shekara da shekaru ana yin ta, har yanzu a takarda take.